Back in Black, baƙin albam ɗin da na kasa rabuwa da shi

Duk wanda ya ce min kiɗan rock hayaniya ce kawai ba na ja da shi, tambaya ɗaya nake yi masa, ka taɓa zama ka saurari albam ɗin Back in Black na ƙungiyar AC/DC daga farko har ƙarshe? Waƙa 10 ce, wajen minti 42, kuma wallahi tun ina ɗan sakandare nake jin sa, yanzu ga furfura ta fara fitowa amma har yau bai gundure ni ba.

Mutane da yawa ba su san albam ɗin makoki ba ne. Mawaƙinsu Bon Scott ya mutu a Landan ranar 19 ga Fabrairun 1980, yana da shekara 33, giya ce ta yi ajalinsa, a daidai lokacin da ƙungiyar ta fara yin suna a duniya. Har sun yi tunanin watsewa, iyayen Bon ne suka ce musu a'a ku ci gaba. Sai suka ɗauko Brian Johnson, mutumin yankin Newcastle a Ingila, suka tafi sitidiyon Compass Point a Bahamas tare da furodusa Mutt Lange, a watan Yuli albam ya fito. Wata biyar kacal fa bayan mutuwar. Bangon baƙi ƙirin saboda jimami, kamfanin Atlantic mai fitar musu da albam ma da farko bai so hakan ba sai da aka zagaye sunan da ɗan layi mai ruwan toka. Kuma abu na farko da za ka ji ba jita ba ce ba ganga ba, ƙararrawa ce ta tagulla mai nauyin kusan tan guda da aka ƙera musu takanas a garin Loughborough na Ingila, tana bugawa a hankali a hankali kafin jita ta shigo. Har gobe in ta fara sai tsikar jikina ta tashi.

A kaset na fara samunsa, wurin yayana, an kwafa daga wani kaset ɗin har sautin ya dusashe, da biro nake nannaɗe shi don kar batirin rakoda ya ƙare. Ko kalma ɗaya ba na ganewa lokacin, muryar Brian kamar maƙogwaronsa zai yage, amma kiɗan ya riga ya kama ni.

To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kowa Angus Young yake yabo, ɗan tsurut ɗin nan mai kayan makaranta da ke tsalle-tsalle da jitarsa ƙirar Gibson SG. Gwani ne, ban hana shi ba. Amma ni a wurina yayansa Malcolm ne ƙashin bayan albam ɗin nan, mutumin da ke tsayawa can baya kusa da mai ganga ba ya neman a kalle shi, ya kaɗa jita sau ɗaya da ƙarfi ya tsaya cak, ya bar fili, mai ganga Phil Rudd ya cike gurbin, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke ba mai shiga ƙafar wata. Wannan tsayawar ce ke sa kiɗan nauyi. Masu cika ko'ina da ƙara ba su taɓa kamo shi ba, shi ya sa aka sayar da kwafi kusan miliyan 50, albam kaɗan ne a tarihi suka kai nan.

Baitocin kam ba zan kare su ba, yawanci zancen mata ne da shaye-shaye, kuma yana damuna a ce giya ta kashe abokinku sannan ku saka waƙar giya a albam ɗin jimaminsa. Shi ya sa ba na kunna shi a gaban yara. Amma wannan bai rage min son kiɗan da komai ba.

Malcolm ya mutu a 2017 bayan ya sha fama da ciwon mantuwa, mutumin da ya ƙirƙiro waɗannan sautuka ya kai ga ba ya iya tuna su, abin ya taɓa ni sosai. Don Allah in za ku saurara ku sa iyafis, ku cire na kunnen dama ku bar na hagu, a nan jitarsa take, ku ji aikin da bawan Allahn nan yake yi.