Ku daina kashe mutane don biro ya huta

Ƙannena marubuta, daren jiya na ƙarasa wani labari da ake turowa a WhatsApp, na kwana da ɓacin rai. Uwargida ce mai 'ya'ya uku, an yi shafi arba'in ana nuna mana haƙurinta. Da marubuciyar ta rasa ƙofar da za ta shigo da budurwar maigida, sai ta ɗora baiwar Allah a mota, tirela ta bi ta kansu. Layi biyu kacal. Shafi na gaba ana zancen lefe.

Haba jama'a! Mutuwa rigar kowa ce, amma ba tsintsiya ba ce da za ku riƙa share hanyar masoya da ita. Kishiya ta tsaya a gaba, haɗarin mota. Baba ya ƙi auren, zuciyarsa ta buga. Miji ya tsone wa tsohon saurayi ido, 'yan fashi. Matar ma takabar wata 4 da kwana 10 a jimla ɗaya take wucewa, sai ga ta da lalle. Ina zaman makoki? Ina ɗan autan da zai farka da asuba yana kiran Umma? Ko takalminta a bakin ƙofa ba ku bari mun gani ba. Ku da kuke ɓata shafi uku wajen lissafa motocin Alhaji da Turancin da bai zauna ba, mamaci ne bai cancanci sakin layi ba?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda za ku kashe, ku bari mu san shi, kuma mutuwarsa ta bar gurbi a gidan.

Ku koma ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Uwa ta keta hamada tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta sha wuya, sai da ta sa shi a ido sannan rai ya yi halinsa. Na karanta tun ina ɗan makaranta, har yau ina jin ta a ƙirjina. Mutanen da, edita kan mayar musu da rubutu su sake. Yanzu kuwa a rubuta da azahar a tura da la'asar, masu karatu na ta "a ci gaba", ba mai tambayar wa ya ɗauki marayun nan uku.