An sauko daga dutse, ina alkawarin?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda.

Hotunan tattakin ranar Asabar sun cika wayoyinmu. Ga mu nan a kan duwatsun Hada, hanyar Ɗa'if, kowa da rigarsa mai tambari, hazo a baya, baki har kunne. Ma sha Allah. To amma takardar da aka rubuta sunayen masu alkawari tana nan hannun masu shiri, kuma gurbin da ake sa alamar "ya biya" har yau yawancinsa fayau yake. Wannan ne ya hana a yi shiru.

Don wa aka hau dutsen nan? Don yaran da aka haifa da ciwon salewar fata, waɗanda Larabawa ke kira yaran farasha, saboda fatarsu ba ta fi fiffiken malam-buɗe-littafi ƙwari ba. Ciwon gado ne, ba a ɗaukarsa a wurin gaisawa ko cin abinci tare. Abin da ke manne fatar sama da ta ƙasa ne babu shi ko ya yi rauni, don haka ɗinkin riga kaɗai kan iya tayar da bororo.

Ɗan uwa, ka taɓa zama ka ga yadda ake yi wa yaron nan wanka? Sai an jiƙa tsohon bandeji a ruwan ɗumi tukuna ya saki da kansa, don in aka ja, da fata zai taho. Ana zuba gishiri gram 9 a kowace lita guda, ya rage raɗaɗi. Kowane sabon bororo sai an huda shi da allura mai tsabta ruwan ya fita, a bar fatar samansa a wurin. In aka ƙyale shi, faɗi zai yi ta yi. Sannan naɗi hawa uku: na farko wanda ba ya mannewa da gyambo, irin su Mepitel, sai mai tsotse ruwa, sai na waje mai riƙe su. Filastar kemis da muka sani ba ta zuwa kusa da shi. A nau'in da ya fi tsanani, yatsu ma ɗaya bayan ɗaya ake naɗe su don kada su haɗe. Aikin awa 2 ne, wani lokaci 3, yaro na kuka, uwa na haɗiye nata. Jibi ko ma gobe a sake. Ba a ɗaga shi ta hammata, hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ɗaya a bayan wuya. Riga a birkice ake sa masa, ɗinki a waje. Abinci sai an markaɗa, don har cikin baki da maƙogwaro bororon ke fita. Ga zafin Makka da ke wuce digiri 40, zufa na ƙara tayar da ciwon, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa, kuɗin wuta na hawa.

Wannan gidan ka yi wa alkawarin riyal 50. Wannan gidan.

Yi lissafi da kanka. In mutum 40 suka ce 50-50, riyal 2,000 ke nan. Masu shiri sun riga sun faɗa wa uban yaro, shi kuma ya gina lissafin watansa a kai. Rabi suka noƙe, sai ya fara tsimin bandeji, ya bar na yau ya kai kwana uku. Daga nan gyambo ya yi ruwa, zazzaɓi ya biyo, a kwana a asibiti. Kai kuwa kana can kana duba mutum nawa suka yaba hotonka.

Kuma abin mamaki, wahalar ba ta gagare mu ba. Mun tashi kafin asuba, mun ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3 kowa, mun bi umarnin jagora na gaba da mai tsaron baya, an ƙirga mu a ƙasa an ƙirga mu a sama, mun ɓoye ledar abinci don birai. Wanda ƙafarsa ta gurɗe an tallabo shi. Duk wannan mun iya. Danna waya na minti biyu ne ya zama dutsen da ya fi ƙarfinmu? Haba jama'a. Alkawari fa kaya ne, kuma kowa ya san a layin su wa aka lissafa mai saɓa shi.

Ba na zargin wanda albashinsa ya makara ko kafil, wato ubangidansa na aiki, ya riƙe masa. Malam, in haka ne, kira masu shiri ka ce ba ka da shi a wannan watan, ka sa rana. Su san abin da za su faɗa wa iyalin. Shirun nan ne ke cutarwa.

Masu shiri, ku ma da naku. Kada ku yawata da jaka kuna karɓar tsaba a hannu. Tara gudummawa ba izini laifi ne a ƙasar nan, kuma mai igama, wato takardar izinin zama, ya san abin da zai biyo baya. Ku bi ta jam'iyyar agaji mai rajista ko manhajar Ihsan da hukuma ta buɗe a 2021, kowa ya turo shaidar biya kafin a ba shi riga, ba bayan an sauko ba. Hoton gyambon yaro kuma ku bar shi, ba kayan talla ba ne.

Hajiya, ke da kika ce za ki riƙa zuwa riƙe wa uwar hannun yaro ranar wanka, ana nan ana jiranki. Ƙarshen Fabrairu, ranar tunawa da cututtukan da ba a cika gani ba, za a sake kiran wani tattakin. Don girman Allah, kada wanda ake bin na baya ya rubuta suna sai ya sauke. Duba wayarka yanzu. Don Allah, yau ɗin nan.