Yadda Sarƙa Ta Cinye Mini Riga a Kwanar Dangora

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kano yake haura digiri 40, aka aiko wa maigidana cewa wata tirela da ta ɗauko naɗin ƙarfen kwanon rufi daga Legas ta lalace a Kwanar Dangora, mu je mu kwashe mata kaya. Ni ne yaron motarsa, saboda haka duk abin da ya shafi hawa da sauka a kaina yake ƙarewa.

Wanda bai taɓa ɗaukar koyil, wato irin wannan naɗin ƙarfe, ba yana ganin nauyinsa kaɗai ya isa ya zaunar da shi. Naɗi guda yakan haura tan 10, kuma tun da mulmulalle ne, idan direba ya taka birki da ƙarfi, kan motar zai nufa, inda ni da maigida muke zaune. Shi ya sa kafin kireni ya sauke shi muka shimfiɗa katako biyu masu kauri, ɗaya gaba ɗaya baya, domin ya zauna a tsakaninsu, sannan muka zura sarƙoƙi ta cikin raminsa, wata tana ja gaba, wata tana ja baya. Duk inda sarƙa za ta taɓa bakin ƙarfen sai an cusa guntun tsohuwar taya, don idan gefen ya lotsa, masu kaya daga kuɗinmu za su cire.

Zuwa azahar bodin motar ya zama tamkar tandar waina. Maigida ya kifa malfa, ya sa safar hannu, yana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ni kuwa na fito da dabarar da har yau nake alfahari da ita: na jiƙa doguwar rigata sharkaf a famfon tuƙa-tuƙa, idan ta bushe in koma. Har wani dattijo da ke zaune a gindin maina ya ce, "Samari, Allah ya yi maka basira."

A naɗi na ƙarshe na durƙusa ina riƙe da guntun taya, maigida yana ɗaure sarƙa daga ƙasa yana tambaya, "Ta kama?" Na ce, "Ƙara, Oga." Ya ƙara har ta daina motsi. Da na yunƙura zan miƙe, sai na ji an fizgo ni baya: ƙasan rigata ya shige tsakanin taya da ƙarfe, sarƙa ta hau kansa daram.

Na roƙe shi ya sassauta, ya ce, "Kai yaro, sarƙar da ta kama haka ko gwamna ne a ƙarƙashinta sai mun je Kano." Dole na zare jikina daga cikin rigar, na sauko daga ni sai wando, masu tallan fura suna rufe baki da mayafi, dattijon nan kuwa ya juya kai yana jan carbi kamar bai taɓa yabona ba.

Sauran begena yana Kura, inda muke tsayawa duba ɗauri, domin kaya yakan zauna bayan an ɗan yi tafiya, sarƙa ta yi sako-sako. Maigida ya zagaya, ya bubbuga kowace sarƙa, da ya iso kan ta rigata sai ya ce ita ce ma ta fi sakewa, ya miƙo mini ƙarfen ɗauri ya ce in ƙara tamke ta da hannuna.