Batirin da ya raba ni da matashin kaina

Sana'ata sayen dabbobi ce. Daga Damagaram nake tashi in bi kasuwannin arewa, Bakin Birji, Tanut, wani lokaci har in zarce cikin daji wurin makiyaya, in tara raguna in loda su a babbar mota. Tafiyar takan ci kwana uku zuwa huɗu, kuma shekara da shekaru makwancina tabarma ce a gindin mota, har daren da kunama ta gaishe ni a babban ɗan yatsan ƙafa. Da na warke na kai tsohuwar Hilux ɗina wurin mai walda a Sabon Gari, ya kafa mini ɗaki a bayanta, da rufi da ƙofa da kwaɗo, na shimfiɗa katifa. Yaran unguwa suka sa mata suna otel.

To otel babu wuta ai rumfa ce. Na sayi fanka da ƙwan fitila masu aiki da volt 12, wani ɗan uwa da ya dawo daga Libiya kuma ya sayar mini da ƙaramin firji. Sai batir na biyu, mai amfiya 100, nauyinsa kusan kilo 30. Ranar da na sauke shi a ƙofar gida na ɗauka aiki ya ƙare. Ashe baƙo na kawo wanda babu ɗakin da zai ishe shi.

Da farko ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, muka cusa shi, kusa da ɗan uwansa, domin makanike ya ce nan ne gidan batir tun da aka halicci mota. Sai dai gurbin da ya rage dab da inji yake, ga shi watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura 40 tun kafin azahar. Mako biyu ruwansa ya ƙone rabi, motar ta riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Uwargida ta leƙa ta ce, "Alhaji, in ƙwai ka saya wa wata ka manta, fito da shi, ba zan yi faɗa ba."

Na fito da shi na mayar da shi cikin gida, wato wurin da mai zaman gaba ke ajiye ƙafa. Ga inuwa, ga shi a gaban idona. Na ɗaure shi da igiyar da nake ɗaure raguna, na lulluɓe shi da buhu, na yaba wa kaina.

A wannan makon surukina ya buƙaci a kai shi suna Mirya. Tafiyar kilomita 18 ce kawai, ba abin da za a ce. Dattijo ya fito cikin babbar rigarsa ta shadda, fara sol, wadda ba ya taɓawa sai Sallah ko babban taro. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa ƙofa, ya zauna ya ɗora ƙafa a kan buhun, gefen rigar ya zuba ƙasa ya rufe komai. Muka kama hanya. Duk ramin da na faɗa sai in ji wani ɗan "calap" daga ƙasa, ni kuwa in ƙara muryar rediyo. Ba za ka ce wa surukinka ya tattare rigarsa ba, wannan ba tarbiyya ba ce. Muka je muka ci tuwon suna muka dawo lafiya, har ya sa mini albarka.

Abin da ban sani ba a lokacin, ruwan batir ba ya nuna aikinsa nan take a jikin auduga. Yakan lafe ya ci zaren a hankali, sai an kai wanki abin ya bayyana. Bayan kwana biyar aka aiko yaro gidana da ƙunshi. Na buɗe, ga rigar a wanke, a buge, a ninke tsaf. Na ɗaga ta, gefenta na dama ya koma rariya, har ina hango uwargida ta cikin ramukan. Na tambayi yaron ko akwai saƙo. Ya ce, "Baba ya ce a gaishe ka." Shi ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sayi sabuwar shadda na kai wa mai ɗinki, na wanke ƙasan motar da ruwan kanwa, tana ta kumfa kamar miyar kuka, saboda kanwa ce ke kashe kaifin ruwan batir. Wannan dabarar ma uwargida ce ta ba ni, bayan ta gama dariya.

Ƙaura ta uku mai walda ne ya kawo shawararta. Ya ƙera keji a ƙarƙashin motar, kusa da safaya, ya rantse ko raƙumi aka rataya ba zai faɗi ba. A kan kwalta kuwa bai faɗi ba. Ranar da na sauka kan hanyar burji mai kuturu-kuturun nan da ke sa haƙora rawa, sai na hangi wani yaro kan jaki yana ɗaga mini hannu yana ihu. Na tsaya. Ya ce, "Alhaji, motarka ta haihu!" Na duba, ga batir yana jan ƙasa, waya ɗaya ce ke riƙe da shi kamar cibiya.

Daga nan na ce na gaji da shawarar mutane. Na ɗauke shi da hannuna na ajiye shi cikin otel, can bakin ƙofar baya inda zan iya kaiwa gare shi ba wahala. Na sayi wayar wutar gida a kasuwar Dole, siririya, na ja ta tun daga batirin gaba har baya, na murɗe bakinta da filaya. Fanka ta juya, fitila ta kama, firji ya yi gurnani. Na ce ashe duk wannan ilimin na masu gareji cin kuɗi ne.

Ana saura mako uku Layya na isa wata ruga arewa da Tanut da magariba. Na kunna fitila, daji ya haskaka, yara suka taru. Na ciro ruwan sanyi na miƙa wa Arɗo. Ya kurɓa, ya dubi tsagen da ke fuskata, ya ce, "Yau ga abin mamaki, Babarbare ya yi hankali." Kakata Babarbariya ce, don haka ba ni da bakin hana Bafulatani wasa. Na ce ai bawa ba ya raina abin ubangidansa, duk mai salula ya kawo in cika masa. Ban san rugar da ba ta fi bukka goma ba tana da salula fiye da ashirin ba. Har daga rugar maƙwabta aka riƙa zuwa a kan raƙumi. Na kwana fanka na kaɗa ni, firji na gurnani, saluloli jere a kan katifa kamar 'ya'yan kaza.

Da asuba na yi sallah, na sha shayi, na yi sallama da kowa cikin isa, na murɗa makulli. Motar ta ce "ƙyat". Na sake. Ko "ƙyat" ɗin ma ba ta maimaita ba. Na ce ba komai, ai shi ya sa mai hankali ke tafiya da batir biyu. Na kwance na baya, na ɗauko shi da nishi, na ɗaura a gaba. Shiru. Tun da na haɗa su kai tsaye, randa ɗaya suka zama, firji ya shanye su tare.

Samari takwas suka tura. Wanda bai taɓa tura motar gazuwal cikin rairayi ba bai san iyakar ƙarfin ɗan Adam ba. Muka yi taku ashirin, tayoyi suka nutse, kowa ya zauna. Arɗo ya sa aka kawo mini fura a ƙwarya, ya zauna kusa da ni, ya ciro salularsa cike da caji ya ce, "Ɗan Barebari, ko in kira maka wani?" Sai bayan la'asar wata motar 'yan kasuwa ta biyo, direban ya ba ni wuta, ya karɓi jika 5, ya ƙara mini da wa'azi kyauta.

Da na dawo gari na nemi wani tsohon mai gyaran wutar mota a Zongo, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan manyan motocin hanyar Agadas. Na fara kai ƙarar saluloli. Ya ce in bar bayin Allah, abin da suka sha duka bai kai na firji ba. Ya ja wayata da yatsa biyu, ya ce dinamo na bayar da wajen volt 14, amma kafin wutar ta ratsa wannan zaren ta isa baya ta rame, batirin bai taɓa cika ba tun da na ɗaura shi. Da kuma wayar ta goge a jikin ƙarfe, babu fiyus, da otel ɗin ya zama toka.

Ya sa waya mai kaurin ɗan yatsa, fiyus ɗaya kusa da kan kowane batir, da wani ɗan akwati da ya kira rele, mai haɗa batiran biyu in inji na aiki, ya raba su da zarar an kashe. Ya ce batirin ya shiga akwati mai murfi, a ɗaure shi da ƙarfe har cikin daɓen motar, a fitar masa da bututu waje, don in yana shan caji yana fitar da iskar da ke kama wuta. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, a ciki kake dafa shayi ko?" Ban amsa ba.

Saura wuri. Ya hau bayan motar, ya ce bakin ƙofa ne ya fi ko'ina tsalle, tunda bayan tayoyin baya yake, kuma shi ya fi nisa da inji. Ya taka zuwa gaba, lungun da ke jingine da bangon gidan direba, ya sa ƙafa ya ture matashin kaina, ya ce, "Nan."

Na ce, "Malam, nan fa nake sa kaina."

Ya ce, "Kanka ya fi kilo 30?"

Yanzu a juye nake kwana, kai wajen ƙofa, ƙafafu kan akwatin batir. Makon jiya surukina ya sake buƙatar zuwa Mirya. Na buɗe masa ƙofa, ya tsaya ya daɗe yana duban wurin ajiye ƙafa, babu komai sai tabarmar roba. Duk da haka ya tattare sabuwar shaddar har gwiwa, ya rungume ta a ƙirji, sannan ya shiga.