Hajiya ba ta taɓa cewa "ta zo" ba, tun kafin ciwon

Waɗanda suka zauna a ɗakin taron jiya, inda aka gabatar da bincike a kan wata Hajiya 'yar zango da ciwo ya taɓa mata magana, sun ga na ɗaga hannu har sau uku, shugaban zama yana ta duban agogo kamar mota za ta bar shi. To, can an ce lokaci ya ƙure. Nan shafina ne, babu mai buga mini ƙararrawa.

Masu bincike, ba ku auna ƙwaƙwalwar matar nan ba. Nisan unguwar Aboabo ta Kumasi da Kano kuka auna, kuka ƙara da nisan Kumasi da Amurka, kuka haɗa jimla kuka rubuta a gaban sunanta wai ciwo ne.

Tsohuwa ta samu shanyewar ɓarin dama, magana ta yi mata nauyi, wannan ba gardama. An nuna mata hoton yarinya da tsintsiya, ta ce "yarinya ya na shara". Ɗan'uwanmu mai bincike ya ja jan layi, ya haska mana a bango da manyan haruffa cewa ta rasa bambancin namiji da mace a nahawu. Har da tafi, wallahi. Jama'a, wane ne ya tashi a zango bai san haka galibinmu muke magana ba? Kakata a unguwar Asawase ta Kumasi "Amina ya zo" take cewa har ta koma ga Allah, kuma da ka take lissafin kuɗin goro, ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba. In wannan ne ciwon ƙwaƙwalwa, sai a tanadi gadon asibiti ga kowa tun daga Aboabo har unguwannin Nima da Mamobi na Accra. Masana harshe sun daɗe da rubuta cewa Hausar Gana ta ajiye wannan bambancin, kamar yadda ƙofa ta zama kofa, ɗaki ya zama daki a bakinmu. Shi ma wannan an ja masa layi, wai harshenta ya kasa furta ƙ. Harshen da bai taɓa furta ƙ ba shekara saba'in, yau ake tuhumarsa da mantuwa.

Sai hotuna. Gwajin ambaton suna da aka tsara a Boston ta Amurka aka ɗauko, mai hotuna 60, aka fassara shi a gurguje. A ciki akwai ɗakin ƙanƙara irin na mutanen can ƙarshen arewacin duniya. Hajiya ta ƙura masa ido, ta yi ta kokawa da bakinta, da ƙyar ta fitar da kalma ɗaya: tanderu. Ku dubi hoton nan tsakaninku da Allah, ku dubi tanderun ƙasa da ake gasa burodi a bayan gidajenmu. Ta ga siffa, ta nemo sunan da ya dace, ta furta shi, wato duk abin da gwajin yake nema ta yi. An ba ta sifili. An nuna mata doki mai ƙaho ɗaya ta ce doki, nan ma sifili. Ni da nake da digiri, a Hausa me zan kira shi?

Duk wannan fannin namu na nazarin yadda ciwon ƙwaƙwalwa yake taɓa magana a kan abu ɗaya ya tsaya: yaya mutum yake magana kafin ciwo, me ya rage bayan ciwo. A 1861 likita Paul Broca ya ga majinyaci a Paris wanda kusan ba ya iya cewa komai sai "tan", bayan rasuwarsa aka samu rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 likita Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wasu da magana ke zuba daga bakinsu amma ba ta da kai, kuma ba sa gane abin da ake gaya musu. Mutanen nan sun gane abin da ya ɓace ne don sun san yadda lafiyayyen Bafaranshe ko Bajamushe yake magana. Kai ba ka san yadda lafiyayyar 'yar zango take magana ba, ta ina za ka san abin da ciwo ya ɗauke?

Na san amsoshin, tun jiya suke shigowa wayata. Wai gwajin ne da duniya ta yarda da shi. Duniyar wa? Wai mujallu ba sa karɓar ma'aunin da ba su sani ba. To a buga ƙarya kenan don ita aka sani? Wai kuɗin binciken ya ƙare. Kuɗin otal da lemo bai ƙare ba. Shi kuma malamin da ya rubuto mini daga Najeriya cewa ai tamu ba Hausa ba ce, Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe. Tun zamanin fataken goro na Salaga a arewacin Gana muke riƙe da ita a nan, da ita muke ciniki, da ita ake mana wa'azi, kuma ƙwaƙwalwar Hajiya ba ta jira izinin Kano ba kafin ta ajiye ta.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Ni na raka masu binciken gidan Hajiya a matsayin tafinta. Bayan an naɗe takardu, lokacin la'asar ya yi, na ji ta karanta Fatiha tun daga bisimilla har ƙarshe, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Minti biyar kafin nan ta kasa cewa buta, tana nuna ta da hannun hagu, hawaye na zuba. Wannan sananne ne, abin da baki ya haddace yakan tsira ko da neman kalma ya gagara. 'Yarta ta ce mini, "Yaya, da Twi takan fi saurin kiran abu yanzu, Dagbancin mahaifiyarta kuwa shiru." Harsuna uku a kai ɗaya, kowanne da irin raunin da ya ji. Tun 1895 likita Albert Pitres ya rubuta cewa harsunan mai harshe da yawa ba lallai su dawo tare ba. Ga bincike kwance a tabarma, babu ko layi ɗaya a kansa a bangon jiya.

Kuma takardar binciken nan ba a ɗakin taro za ta tsaya ba. Masu gyaran magana a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, ganin ɗaya sai an yi layi. In ta kai hannunsa, zai ɓata makonni yana koya wa tsohuwa "ta", abin da ba ta taɓa mallaka ba, ita kuwa sunayen jikokinta take so su dawo bakinta.

Ku zauna da mutum ashirin masu lafiya 'yan unguwarsu, sa'anninta, ku ji yadda suke faɗa tukuna. Ku zana buta, murhu, ƙwarya, tabarma. Mu 'yan zango da kuke ɗauka tafinta, ku tambaye mu kafin ku ja layi, ba sai a shafin godiya za ku tuna da mu ba, can ƙasa da direba.