Rijiya Ta Biyu a Ƙarƙashin Dokin Bayajidda

Makonni uku na kwashe ina haɗa wani gajeren zane mai motsi na labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, domin yaran unguwarmu a nan Daura. Da yake kwamfutata ta tsufa, ba ta iya fitar da hoto sukutum a Blender, manhajar haɗa zane mai motsi, sai da nishi, shi ya sa na raba aikin falle-falle: doki da inuwarsa daban, Bayajidda da tasa daban, guga ma daban, sannan na ɗora su a kan juna.

Daren da na gama, na tara mutanen gida ina jiran yabo. Bayajidda na sauka daga doki, sai Goggo ta nuna allon da sandarta ta ce, "Kai ɗan nan, tun muna yara rijiya ɗaya muka sani a Kusugu, wannan ta biyun wa ya haƙa ta?" Da na duba, sai ga wani baƙin rami a daidai inda inuwoyin suka haɗu.

Na kafe cewa haka inuwa take. Washegari da la'asar na aro jakin maƙwabcinmu, na tsayar da ƙanena a gefensa, na durƙusa ina leƙen ƙasa, ina matsar da su gaba da baya. Inuwoyin suka haɗe, duhunsu bai ƙaru ko kaɗan ba, domin rana ɗaya ce, kuma hasken da jaki ya riga ya tare ba ya nan balle yaro ya sake tare shi. Mai jakin kuwa, daga baya na ji, har ya tambayi Goggo ko a nemo mini rubutu.

Ashe laifin lissafina ne. Na sa kowace inuwa ta rage rabin hasken da ke sauka a ƙasa, saboda haka inda biyu suka hau juna kwamfuta ta ɗauki rabin rabi, wato kashi 25 cikin 100, inda ta guga ta shigo kuma ta sake rabawa. Sai na tattara inuwoyin duka a falle guda, baƙi ƙirin, sannan na sassauta duhunsu sau ɗaya tak.

Goggo ta sake kallo, ta yarda an cike rijiyar, sannan ta tambaye ni me ya sa na ɗora Bayajidda a kan jakin maƙwabci.