Ba tafiyar Iniyas ce ta dame ni ba

Kwana uku ke nan da na kammala karanta fassarar Iniyad, doguwar waƙar da mawaƙin Romawa Birjil ya tsara, amma har yanzu wata mata mai suna Dido ta ƙi barin raina.

Ga wanda bai san waƙar ba, kashi 12 ce, layi kusan dubu goma. Birjil ya shafe kimanin shekara 10 a kanta, ajali ya riske shi a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa bai gama gyara ta ba. Ya so a ƙona ta, sarki Agustus ya hana. Labarin Iniyas ne, wanda ya tsira daga ƙonewar birnin Turoi, allolinsu suka ɗora masa nauyin zuwa Italiya ya kafa zuriyar da za ta haifi Roma. Allolin nan babu abin da ya haɗa su da imaninmu, ni dai aikin da mawaƙin ya sa su nake dubawa.

Kirarin da ake yi wa Iniyas shi ne mai sauke haƙƙi: na alloli, na mahaifi, na ƙasa. Tun daren da aka ci Turoi aka nuna mana abin da hakan ke nufi. Ya saɓa tsohon mahaifinsa a kafaɗa, ya riƙe hannun ɗansa Askaniyus, ya ce wa matarsa Kiriyusa ta biyo su a baya. Sai da suka fita bayan gari ya ankara babu ita. Gaskiya ne ya koma cikin wutar yana ƙwala mata kira, amma fatalwarta kawai ya samu. Uba a kafaɗa, ɗa a hannu, mata a baya. A ganina waƙar gaba ɗaya tana cikin wannan hoton.

Dido kuwa ba yarinya ba ce da za a ja da zaƙin baki. A birnin Taya, gaɓar Lebanon ta yau, ɗan'uwanta ya kashe mijinta Sikiyus saboda dukiya. Ta kwashi mutanenta da dukiyar cikin jirage, ta sauka a gaɓar Tunisiya ta yau, ta kafa Kartaj. Lokacin da guguwa ta jefo Iniyas ƙasarta, ya tarar ana ta aiki, waɗannan na ɗaga ganuwa, waɗancan na haƙa tashar jirage. Ta riga ta ɗauki alkawarin ba ta ƙara aure, ta kori manema, har da wani sarki na yankin mai suna Iyarbas.

To me ya karya ta? Binus, uwar Iniyas, wadda allahiya ce a wurinsu, ta turo Kiyufid, allan soyayyarsu, cikin siffar yaron nan Askaniyus. Wurin walima Dido ta ɗora shi a cinya tana rungumarsa, ba ta san guba take sha ba. Juno, allahiyar da ita ce ma ake cewa mai kare Kartaj, ta haɗa baki da Binus, aka saukar da hadari ranar farauta, Dido da Iniyas suka fake a kogo guda. Dido ta kira abin aure. Gine-gine suka tsaya cak. Da Iyarbas ya kai ƙara ga Jufita, babban allolinsu, sai aka aiko Makyuri, ɗan aiken alloli, ya iske Iniyas yana duba ginin gidaje sanye da alkyabbar da Dido ta saƙa masa da zaren zinariya. Ya wanke shi tas, ya ce ya zama mijin-ta-ce, ya manta da gadon ɗansa.

A nan nake rabuwa da masu kare shi. Ban ce kada ya tafi ba. Jama'a na rataye a wuyansa, kuma na yarda akwai nauyin da ya fi son zuciya. Amma me ya fara yi? Ya kira manyan mutanensa ya ce su shirya jirage a ɓoye, shi zai nemi lokacin da ya dace ya faɗa mata. A bakin duniya ta ji. Da ta tare shi tana kuka, har tana cewa da ya bar mata ɗa mai kama da shi yana wasa a tsakar gida da abin ya zo da sauƙi, sai ya amsa kamar mai kare kansa gaban alƙali: shi bai taɓa ɗaura aure da ita ba, kuma ba da son ransa yake bin hanyar Italiya ba. Mutumin da ta tsamo daga halaka, ya ci tuwonta, ya yi hunturu guda a ɗakinta! Wallahi da na zo layin nan sai da na ajiye littafin.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, Makyuri ya sake zuwar masa cikin barci yana cewa ya yi sauri, wai mace aba ce mai sauyawa kullum. Wa ya sauya a cikinsu? Alloli ne suka cusa mata son, alloli ne suka janye mutumin, sannan aka ɗora laifin a kan halin mata.

Ta sa ƙanwarta Ana ta tara itace da sunan za a ƙona kayansa. Ta hau kai, ta faɗa kan takobinsa, bayan ta yi baki cewa wani zai taso daga ƙasusuwanta ya rama mata. Duk Barome ya san Hanibal ake nufi, jarumin Kartaj da ya yaƙi Roma, ya kuma san an rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da su. A shekara ta 31 kafin haihuwar Annabi Isa, Agustus ya ci abokin hamayyarsa Antoni da Kilyofatara, sarauniyar Masar, da yaƙi a Aktiyum, ana yi wa Antoni gorin ya sayar da Roma saboda wata sarauniya. Iniyas shi ne wanda ya farka kafin ya zama Antoni. Siyasa ce, ba shakka.

Sai dai ban yarda Birjil maroƙin fada ne kawai ba. Da haka ne, da bai ba Dido kalmomin da suka fi ratsa jiki a waƙar ba. Bayan shekara kusan 400, malamin Kirista Agustin, ɗan ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa yana ɗalibi ya yi wa Dido kuka. Kuma ba Dido kaɗai ce macen da tafiyar Iniyas ta ci ba. A Italiya, sarauniya Amata ta rataye kanta, jaruma Kamila ta faɗi a fagen fama. Labiniya kuwa, 'yar Amata, wadda aka zubar da jini a rabin waƙar don a aure ta, ba ta furta ko kalma ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Abin da ya nuna mana abin da ke ranta kawai hawaye ne da jan da fuskarta ta yi.

A kashi na 6, Iniyas ya sauka ƙasar matattu neman mahaifinsa, sai ya hango Dido cikin duhu, raunin nata bai warke ba. Wannan karon shi ne mai hawaye, yana rantsuwa cewa dole aka yi masa, yana roƙon ta tsaya. Ba ta ɗago ido daga ƙasa ba, fuskarta kamar dutse. Ta juya ta shige cikin kurmi, inda Sikiyus, mijinta na fari, yake jiran ta.